GONAR DA IRMIYA YA SAYA

Karatu: Irmiya 32:1-27
Ayar haddacewa: Irmiya 32:15

  Wanda wannan ɗan littafi ya same shi a bakin gadon asibiti yana jinyar nasa, ina yi masa sannu ta musamman, gama maganar yau tasa ce kafin ta zama ta kowa.

Yau zan ba ku labarin mutum biyu da suka kashe kuɗi a kan abin da idonsu ba zai gani ba. Ɗaya annabi ne a Urushalima. Ɗayan kuwa taubashina ne, a can ƙasar Sudan.

LABARI DAGA MAI WURNO

Da yawa cikinmu a tarihi kawai muka san sunan Mai Wurno. A shekarar 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas da jama'a mai yawa. Aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake ce wa Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka ragu, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sinnar, garin kuma ya ɗauki sunansa. Daga baya mahajjata masu tafiyar ƙasa suka riƙa yada zango a can. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa suka tsaya neman guzuri, tsayawar kuwa ta zama zama. Har yau ana jin Hausa da Fulatanci a ƙauyukan wannan yanki.

Gwaggona, yayar mahaifina, tana cikin waɗanda suka tsaya. Ita da mijinta sun tashi da niyyar hajji tun ba a haife ni ba. Zuriyarmu kamar zuriya da yawa ce a ƙasar Hausa: wasu suna zuwa masallaci, wasu suna zuwa majami'a, amma jini ɗaya ne. Ɗanta na fari malamin firamare ne, ya girme ni da shekara goma. Sau ɗaya tak muka taɓa haɗuwa ido da ido, amma da waya ta zo ba ma yin wata guda ba mu gaisa ba. In ya kira, kafin gaisuwa sai ya ce, "Fasto, har yanzu kuɗin sharata ba su iso ba." Mu yi dariya.

Da daminar 2022 ya fara ciwon kai, irin wanda yake tada mutum da asuba, ga amai. Wata rana ya faɗi a gaban ɗalibansa yana jijjiga. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne. Wata uku ana ta 'yan dabaru a gida kafin a kai shi birni a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Hoton ya nuna ƙari. Aka yi masa tiyata, aka auna abin da aka ciro, likitoci suka ce irin sankarar nan ce da suke kira giliyobilastoma, wadda tana cikin mafi tsanani a cikin sankarar ƙwaƙwalwa.

Nan da nan dangi suka yi gayya. Na Sudan, na Jidda, na Kano, har da mu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa domin a kai shi Masar. Matan zumunta na ikkilisiyarmu ma sun sa hannu, ga shi ba su taɓa ganinsa ba. Kuɗi suka taru.

Sai wani dare ya kira ni. Maganarsa ta yi nauyi, amma hankalinsa sarai. Ya ce, "Ƙanena, likita ya gaya mini gaskiya, na kuwa gode masa. Abin da za a yi mini a Masar an riga an yi mini a nan. Na tambaye shi, me ya sa ba ku da maganin wannan ciwo? Ya ce ba a gama gano shi ba tukuna, ana kan bincike, bincike kuwa kuɗi yake ci. To, ni malami ne. Shekara ashirin da biyar ina koyar da yaran da ban san abin da za su zama ba. Na nemi izinin waɗanda suka ba da kuɗin nan, zan raba su uku. Kashi ɗaya na jinyata, kashi ɗaya na karatun yara, kashi ɗaya a kai wa masu bincike a Wad Madani."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ai wannan sallamawa ce. Muna addu'a Allah ya tashe ka, kai kuma kana raba gado." Ya ce, "Ku ci gaba da addu'a, ina so. Amma wanda zai kwanta a gadon nan bayana, shi ma ɗan wani ne."

Daren nan ban yi barci ba. Ni fasto ne, ina da takardar makarantar Littafi Mai Tsarki, amma ban sami amsar da zan ba shi ba. Da asuba na buɗe littafin Irmiya, sura 32.

CINIKI A KURKUKU

Bari mu duba abin da yake faruwa a wannan sura. Shekara ta goma ce ta sarautar Zadakiya. Sojojin Nebukadnesar, sarkin Babila, sun kewaye Urushalima. Abinci yana ƙarewa. Irmiya kansa yana tsare a filin matsara na fadar sarki, laifinsa kuwa shi ne ya faɗi gaskiya cewa birnin zai faɗi.

Ana cikin wannan hali sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo da tallar gona. Gonar tana Anatot, garinsu, 'yar tafiya kaɗan daga Urushalima, a yankin da ya riga ya shiga hannun abokan gaba. Wane mai hankali zai sayi gonar da dawakin Babila suke kiwo a ciki? A irin wannan lokaci, mai azurfa gurasa yake nema. Amma Ubangiji ya riga ya faɗa wa Irmiya cewa Hanamel yana zuwa, ya kuma saya. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa. Aka rubuta takardar ciniki, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu. Ya miƙa wa Baruk, ya ce a sa su a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Dalili kuwa yana aya 15: Allah ya yi alkawari cewa ranar tana zuwa da cinikin gida da gona zai sake kankama a ƙasar.

Akwai abubuwa uku da nake so mu koya daga wannan ciniki.

NA FARI: KARƁAR GASKIYA BA RASHIN BANGASKIYA BA NE

Irmiya bai ce birnin ba zai faɗi ba. Akwai annabawan da suka faɗi haka, kamar Hananiya a sura 28, wanda ya ce nan da shekara biyu an karya ikon Babila. Jama'a sun fi son jin Hananiya, amma Allah bai aike shi ba. Irmiya ya faɗi magana mai ɗaci, duk da haka shi ne ya sayi gona.

Ɗan'uwa, Allah yana warkarwa, na gaskata, na kuma gani. A wannan sura ma, Irmiya ya shaida cikin addu'arsa cewa babu aikin da ya fi ƙarfin Allah. Kada ka daina roƙo. Amma ka tuna, Elisha wanda ta hannunsa aka warkar da Na'aman, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13:14). Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya, aka ba shi alheri maimakon cirewa (2 Korantiyawa 12). Waɗannan ba marasa bangaskiya ba ne.

Na faɗi haka domin na sha ganin iyalai da aka ce musu, in kun yarda da maganar likita kun ƙi Allah. Sai su ɗauke mara lafiya daga asibiti, su bi masu sayar da mai da ruwa a kwalba, a sayar da gona, a sayar da akuya. A ƙarshe mutumin ya tafi cikin azaba, bai sami damar yin sallama da 'ya'yansa ba, bai biya bashi ba, bai nemi gafarar kowa ba. Likitan da ya gaya wa yayana gaskiya ya ba shi kyauta babba: watanni na shirya gidansa. Luka ma likita ne, Bulus kuwa ya kira shi ƙaunatacce (Kolosiyawa 4:14).

NA BIYU: WANI YAKAN BIYA, WANI YA NOMA

Me ya sa wannan ciwo yake da wuyar magani? Likitoci sun ba da dalilai, zan faɗi biyu. Na ɗaya, wannan ƙari ba ya zama wuri ɗaya kamar ƙwallon goriba da za a ciro a yar. Yana ratsa ƙwaƙwalwa kamar saiwar tofa a gona. Manomi ya sani, kome iya kaftunka sai ka bar guntu, guntun kuwa zai sake tsiro. Likita kuma ba shi da ikon yin kaftu yadda ya ga dama, gama a nan magana take, da gani, da tafiya. Na biyu, Allah ya yi wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa domin ya tare guba. Wannan shinge mai amfani shi ne kuma yake tare magunguna da yawa.

Duk da haka akwai wani magani, temozolomid, da yake iya ƙetare shingen. Ka san inda ya fito? Masana ne a Jami'ar Aston da ke birnin Bamingam na Ingila, ƙarƙashin Farfesa Malcolm Stevens, suka haɗa shi a shekarun 1980. Kuɗin aikin kuwa ya fito ne daga wata ƙungiyar yaƙi da sankara da take rayuwa a kan gudummawar jama'a. A shekarar 2005 aka buga sakamakon gwaji a kan marasa lafiya 573. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, rabinsu sun wuce kimanin wata 12. Waɗanda aka haɗa musu gashi da wannan magani, rabinsu sun wuce kimanin wata 14 da rabi. Masu kaiwa shekara biyu suka tashi daga kimanin 10 cikin ɗari zuwa fiye da 26 cikin ɗari.

Wani zai ce, wata biyu da rabi kacal? Tambayi matar da mijinta ya ga sunan jikansa a cikin waɗannan watanni. Ka kuma yi tunani: mutanen da suka jefa 'yan kuɗinsu a gwangwani shekara arba'in da suka wuce, da yawa sun yi haka ne domin nasu ya riga ya mutu. Maganin bai riski nasu ba. Ya riski na wasu, har da yayana a Sudan. Sun sayi gona, wasu suka ci amfaninta.

Haka ma a nan Afirka. Denis Burkitt, likita Kirista a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi, ya rubuta a kai a 1958. A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota da ɗan kuɗin tallafi, suka bi asibitoci a gabashi da kudancin Afirka suna tambaya suna rubutawa. Yau wannan sankarar yara tana cikin waɗanda suke jin magani ƙwarai in an zo da wuri.

Dawuda ma an hana shi gina Haikali, amma ya tara dutse da ƙarfe da katako domin Sulemanu (1 Tarihi 22). Rijiyar da kake sha, wa ya haƙa? Littafi Mai Tsarki da kake karantawa da Hausa, su wa suka sha wahalar fassara shi kafin a buga shi a 1932? Dukanmu muna cin gonar da wani ya saya.

NA UKU: A YI CINIKI A GABAN SHAIDU

Ka lura Irmiya annabi ne, amma bai ce, "Ku amince da ni kawai" ba. Ya auna azurfa a ma'auni, ya rubuta, ya kira shaidu. Bulus ma, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe kuɗin shi kaɗai ba, ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi amintattun 'yan'uwa su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21).

A zamanin nan na waya, hoton mara lafiya yakan zagaya da lambar asusu a ƙasa. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa kasuwanci ne da ciwon mutane. In ikkilisiyarku za ta tara kuɗi domin mara lafiya ko domin masu bincike, ku bi hanyar Irmiya. A nemi yardar mara lafiya kafin a baza maganarsa. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko, su rubuta. A kai kuɗin ga hukumar asibiti ko jami'ar, a karɓi rasit, a karanta wa jama'a. In an canza abin da za a yi da kuɗin, a koma wurin masu bayarwa, kamar yadda yayana ya yi. Kuɗin majinyaci amana ne, wanda ya ci kuwa zai amsa a gaban Allah.

DA BABILA TA SHIGO

Yayana ya rasu a farkon 2023, a ɗakinsa, a tsakiyar 'ya'yansa. Mun yi kuka, mun yi ta'aziyya ta waya.

Ranar 15 ga Afrilu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Sudan. Babbar cibiyar gashin sankara ta Khartum, wadda take aiki tun 1967, ta tsaya. Marasa lafiya suka kwarara zuwa Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda dama ita ce madogarar mutanen Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu. A watan Disamba 2023 mayaƙan RSF suka shiga Wad Madani, aikin cibiyar ya tsaya, likitoci da majinyata suka watse. A tsakiyar 2024 yaƙin ya kai jihar Sinnar, garin Sinja ya faɗi.

A cikin waɗannan kwanaki matar marigayin ta same ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Fasto, ashe kuɗin Malam sun tafi a banza ke nan? Da mun riƙe su, da yanzu mun ci abinci." Ban ga laifinta ba. Irmiya kansa, bayan ya gama ciniki, ya koma wurin Allah da irin wannan tambaya a aya 24 da 25: ga birni yana faɗuwa, ga ka ce in sayi gona. Allah bai tsauta masa ba.

Na ce mata, "Yaya, yunwarku hakkinmu ne, za mu aiko da abin da muke da shi. Amma kuɗin Malam ba su lalace ba." Ana iya fasa gini, a kwashe na'ura. Amma likitan da ya koyi aiki, ya gudu da iliminsa a kansa, yana duba marasa lafiya a inda ya sauka. Abin da masu binciken Wad Madani suka gano suka rubuta, an buga shi a mujallun likitoci, yana nan a ajiye kamar takarda a tukunyar ƙasa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A watan Janairu 2025 sojojin gwamnati suka karɓe Wad Madani, mutane suka fara komawa gidajensu.

Irmiya fa? Urushalima ta faɗi yadda ya faɗa. Daga baya aka tafi da shi Masar ba da sonsa ba (sura 43). Ba mu karanta ko'ina cewa ya taɓa sa fartanya a gonar nan ba. Amma buɗe Ezra 2:23. A cikin jerin waɗanda suka komo daga bauta bayan kimanin shekara hamsin, an lissafta mutanen Anatot, su 128. Alkawarin ya cika, ko da yake mai sayen gonar ba ya nan.

Mai sauraro, akwai wanda ya yi ciniki mafi girma. Yesu Almasihu ya biya da jininsa domin mutanen da ba a ko haife su ba tukuna. A daren da aka bashe shi ya yi addu'a domin waɗanda za su ba da gaskiya daga baya (Yahaya 17:20), wato ni da kai. Ya mutu, aka sa shi a kabari, almajiransa suka zaci kome ya tafi a banza. A rana ta uku ya tashi. Domin wannan ne mai bi yake iya jin maganar likita, ya yi kuka, amma bai rasa bege ba. In ba ka riga ka ba shi ranka ba, kada ka jira sai ranar hoton asibiti.

ABIN YI A WANNAN MAKO

1. In wani naka yana ciwon kai mai ƙaruwa, musamman da asuba tare da amai, ko babba ya fara farfaɗiya bai taɓa yi ba, ko ɓari ɗaya na jiki ya yi rauni, ko gani ya dushe, ko hali ya canza haka kawai, ku yi addu'a ku kuma tafi asibiti ba jinkiri. Ba kowane ƙarin ƙwaƙwalwa ne sankara ba, akwai waɗanda ake cirewa mutum ya warke. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato. A Nijar ma an buɗe wurin gashin sankara a Yamai a 2021.

2. Ziyarci gidan da ake doguwar jinya. Kai abinci, ka karɓi mai jinya ya ɗan huta. Kada ka tambayi wane zunubi aka yi.

3. Yi magana da dattawan ikkilisiya a ware Lahadi ɗaya a shekara domin baiko na masu sankara da masu bincike. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Tuna da mutanen Mai Wurno da dukan Sudan, Musulmi da Kirista, cikin addu'arka.

ADDU'A

Ya Uba na sama, kai ne mai rai da mutuwa a hannunka. Muna kawo maka duk wanda likita ya ce masa kwanakinsa kaɗan ne. In nufinka ne, ka miƙa hannu ka warkar. In kuwa ka shirya kiransa, ka sauƙaƙa masa zafi, ka ba shi salama da begen tashin matattu. Ka ƙarfafa masu jinya. Ka ba likitoci da masu bincike hikima, ka buɗe musu abin da yake a ɓoye. Ka kawo ƙarshen zub da jini a Sudan, ka ciyar da gwauraye da marayu. Ka ba mu zuciyar Irmiya, mu bayar da aminci, ko da ba mu ne za mu ci amfanin gonar ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.